Tsagar Kaskon Tela

Talata, da yamma

Tela ba ta zo ba yau.

Na jera kujeru bakwai kamar kullum, biyar nasu, biyu namu ni da Dakta. Ya buɗe zama da abin da ya saba, kowa ya rufe ido ya saurari numfashinsa. Ni dai ƙofa nake saurare.

Tsohon littafina ya cika, to bari in gaya wa wannan sabon inda nake aiki. Ɗaki ne a bayan asibiti, da can ma'ajiyar katifu ne, har yanzu in rana ta yi zafi warinsu yana tasowa. Duk Talata mutum biyar suke zuwa, mutanen da zuciya ke taso musu ta fi ƙarfinsu, wasu har su cutar da kansu. Rabin farko na zaman na Dakta ne. Yana tsayawa gaban allo ya koya musu dabarun riƙe kai: yadda za ka lura da abu ba tare da ka yanke masa hukunci ba, yadda za ka daure wa tashin hankali har ya wuce ba ka ƙara dagula lamarin ba. Rabi na biyu nawa ne. Abin da ya faɗa da baki ni nake sa su yi da hannu, da fenti ko gawayi ko yumɓu. Dakta ba likitan allura ba ne, na magana ne, kuma mutum ne da ya haramta wa bakinsa kalmar "amma". Sai dai "kuma". Kana iya ƙoƙarinka, kuma dole ka ƙara. Mun daɗe muna aiki tare, har yau wani lokacin ji nake kamar in jefe shi da soso.

Dokokinmu ba su da yawa. Ba a bayyana yadda aka ji wa kai rauni a gaban jama'a. Ba a maganar wanda ba ya nan. Ba mai taɓa aikin wani, har ni. Sai ta ƙarshen, wadda ta hana ni cin abinci yau: duk wanda ya yi fashin zama huɗu a jere ya fita, sai wani zagayen, kuma wani zagayen sai an yi watanni. Tela ba ta da watannin da za ta zauna ita kaɗai. Ba a fayil na karanta wannan ba. A dogon hannun rigarta na gani, da yadda take jan shi ƙasa duk sanda za ta miƙa hannu.

Makon jiya darasin shi ne karɓar abin da ya riga ya faru. Na ba kowa curin yumɓu na ce ya gina wani abu saboda abin da ba zai iya canzawa ba a rayuwarsa. Direba ya dunƙula wani abu ya ce mota ce. Tela ta gina kasko, kuma ban taɓa ganin sabon hannu ya yi irinsa ba, baki daidai, kauri daidai, kana gani ka san mai shi ta saba da awo. Ban ga yadda ta ƙarasa ba, don Direba ya fusata da motarsa, na raka shi famfo ya watsa wa fuskarsa ruwan sanyi kamar yadda aka koya musu. Kafin mu dawo kowa ya lulluɓe nasa da jiƙaƙƙen tsumma ya ɗora a kantar ɗakin.

Da aka tashi yau na ɗaga tsumman nata zan ƙara ruwa. Kaskon ya tsage, tun daga baki har kusan gindi. Gefen tsumman da ke kallon fanka ya bushe ƙamas. Ni ce na tafi gida na manta fankar a kunne.

Laraba, da hantsi

Dakta ya kira wayarta, tana shiga ba a ɗauka. Na jiƙa tsumman, na rufa leda, na mayar da kaskon lungun da iska ba ta kaiwa. Ni da na tsufa a aikin yumɓu, wai ni ce zan bar fanka a kan ɗanyen aiki.

Juma'a, da rana

Ban je gidanta ba. An hana mu, ban ma san gidan ba. Shagonta na sani, don ta taɓa kwatanta shi a zama, bayan tashar mota, kusa da mai gyaran takalma. Zare na je saye. Layin ne kawai ya bi ta nan.

Ƙofar ƙarfen a ja take, da kwaɗo babba. Iska ta tara guntayen ƙyalle a bakin dakalin, ja da ruwan ƙasa da wani mai ɗigo-ɗigo. Wata ta rubuta da alli a jikin ƙofar tana tambayar ina ɗinkinta, wata kuma ta zo ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Mai gyaran takalma ya ganni tsaye ya ɗauka ni ma kayana ne suka maƙale. Ya ce in yi haƙuri, yayanta ya zo ya ce ta yi tafiya. Na tambaye shi ina, ya ce shi dai tafiya aka ce masa, ya mayar da kai kan takalminsa.

Yanzu ina da baƙin zare a jaka, ban san abin da zan yi da shi ba.

Asabar, bayan magariba

Maigida ya lura. Shi mai gyaran firji ne, kunnensa ya saba jin abin da ba ya tafiya daidai. Ya tambayi abin da ke damuna, kuma ba ni da ikon faɗa masa maganar mutanen ɗakin, sai na ce wani kasko ne ya tsage. Ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ya ce kasko ɗanye, wanda ko wuta bai gani ba, shi ne zai sa malamar yumɓu guda ta rame? In liƙe mana. Na ce ba nawa ba ne.

"Malama, duk firjin da na gyara a duniyar nan babu nawa ko ɗaya."

Na yi dariya don kada ya ci gaba. Maganar kuwa ta bi ni har wurin wanke-wanke.

Talata, da yamma

Fashi na biyu.

Darasin yau yin akasin abin da zuciya ta umarta. In ta ce ka ɓuya, ka fito. In ta ce ka kai duka, ka sassauta murya. Na sa su zana fushinsu da gawayi, su danna iya ƙarfinsu, sannan su sake zana wannan siffar da burushi mai laushi a hannun da ba su saba da shi ba. Direba ya huda takarda uku kafin ya kai ga burushin. Ɗaliba, ita ce ƙaramarsu, mai cin farce, ta ɗago a tsakiyar aiki ta ce, "Anti Tela fa?" Dakta ya ce ba ma maganar wanda ba ya nan, kuma ya san dukanmu muna kewarta. Ta sunkuyar da kai.

Da suka fita na tare shi a bakin ƙofa. Na ce kada ya yi mini irin wannan amsar, ni ba Ɗaliba ba ce. Ya daɗe yana goge allon da ya riga ya goge, sannan ya ce tana raye. Tana nan cikin asibitin, a benen da ke tsallaken fili, a hannun masu kula da ita. Ta ce ba ta son kowa daga rukuni ya je. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan.

Tafiyar da yayanta ya ce ta yi ke nan. Daga tagarmu ana hango benen.

Na yi hamdala, sai kuma na tambaye shi ko yanzu an daina yi mata lissafin fashi. Ya ce ba a daina ba. Na ce mutum yana kwance a gado ka ce ya yi fashi? Ya ce dokar ba don hukunci aka yi ta ba, don mutum ya samu dalilin sauka daga gadon ne, in an lanƙwasa ta saboda gado, gadon zai zama hanya. Ya ce, "Abin da kike tsoro nake tsoro, kuma ba zan canza ta ba." Na ce masa Allah bai ba shi zuciya ba, fayil ya sa masa a ƙirji.

Ya ɗauki jakarsa ya ce sai da safe. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa ba.

Laraba, da safe

Ban san wace taga ce tata ba. Na jiƙa tsumma.

Alhamis, bayan la'asar

Umma ta kira. Tana so in zo wani ƙarshen mako mu kwashe kayan ɗakin ƙanwata Auta, za a yi fenti, ɗan ƙanenta zai zo karatu ya zauna a ciki. Ta ce ɗakin ya daɗe a rufe tun bayan gajeriyar rashin lafiyar nan.

Haka muke kiran mutuwarta a gidanmu. Haka aka faɗa wa masu gaisuwa, aka yi ta maimaitawa har bakinmu ya saba. Auta ma dogon hannu take sawa. Ba zan rubuta wannan a nan ba.

Na ce wa Umma aiki ya yi mini yawa, sai wani watan.

Lahadi, da hantsi

Ba ranar aiki ba ce, amma na je. Mai gadi ya buɗe mini yana tambaya ko na manta waya ne, na ce eh. Ɗakin shiru, sai famfo yana ɗiga. Na ɗaga tsumman. Gani nake tsagar ta ƙara tsawo, ko kuwa idona ne, ban sani ba. Na zauna a kujerarta ina kallon kaskon har na ji kunyar kaina na tashi.

Yumɓu yana da iyakar kwanakin da za ka riƙe shi da ɗanshi. Bayan nan ko dai ya yi funfuna ko ya bushe da abin da ke jikinsa.

Talata, da yamma

Na uku. Saura ɗaya.

Na sauran duk sun bushe, yau suka shafa musu launi. Motar Direba ta zama kore, ya ce yanzu ta fi kama da kwaɗo, ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa ba cikin faɗa ba. Ya kamata in ji daɗi. Na dai ce masa madalla.

Dakta ya yi musu bayanin hankali da zuciya da wurin da suke haɗuwa, ya ce a nan ake yanke shawara mai kyau. Na ba su shuɗi da ja, kowa ya zana da'ira biyu masu shiga juna ya ga launin da zai fito a tsakiya. Ni ma na yi nawa don misali. Na kowa ya ba da wani launi mai kyau, nawa ya fito kalar taɓo, don ban wanke burushin ba.

Ana tattara kaya Ɗaliba ta ganni ina yayyafa wa tsumman ruwa. Ta matso tana cizon farce ta ce, "Malama, kaskon nan, ranar da kuka je famfo da Malam Direba…" Dakta ya ɗaga hannu a hankali, ya tuna mata dokar. Ta dube ni ko zan ce ta ci gaba. Na ce ta bari sai mai shi ta dawo. Gaskiya ba dokar na kare ba. Na ɗauka ta leƙa ne ta ga tsagar, kuma ban so a yi maganar sakacina a gaban mutanen da nake koya wa lura.

Ni da Dakta muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Laraba, da rana

Abin da ke cina ke nan. A ce ta sauko daga benen can, ta ja ƙafa ta tsallako filin, ta shigo. Abu ɗaya mai kyau da hannunta ya yi a watannin nan, ta ɗaga tsumma ta tarar ya tsage. Mace irinta ba za ta ce fanka ce ba. Za ta ce haka komai nata yake.

Ba zan iya sa ta sauko ba. Ba zan iya taɓa dokar ba. Ba ni da abin yi sai jiƙa tsumma.

Alhamis, bayan la'asar

Na yi.

Na jira aka watse na kulle ƙofa. Na kankare gefen tsagar biyu da bakin allura don su kama juna, na kwaɓa yumɓu daga buhun da ta ɗiba, ya yi kauri kamar man shafawa, na cusa shi da ƙaramin burushi tun daga gindi zuwa baki. Na murza siririn yumɓu na kwantar a ciki, na bi da yatsa, na bi da bayan cokali, na bi da soso. Daga ciki, daidai inda tsagar ta faro, akwai wani ɗan rami kamar wurin zaman babban yatsa. Na ce a wurin ɗauka ne ta danna, na cike shi shi ma.

Rabon da in ji ni a cikin jikina haka har na manta. Da na gama na ɗora shi a tebur na zagaya shi, ya koma yadda na gan shi kafin in tafi famfo.

Na san doka, ni na rubuta ta da fenti na manna a bango. Amma ba aikinta na taɓa ba, kuskurena na taɓa. Wanda ya ɓata shi ne zai gyara. Ba zan gaya wa Dakta ba, don na san zai samo wata "kuma" ya liƙa mini.

Juma'a, da safe

Na yi barci har Maigida ya tashe ni. Ya ce jiya ya ji ni ina waƙa a kicin.

Litinin, da rana

Dakta ya leƙo ya ce an sallame ta tun Asabar, tana gida. Ya yi magana da ita, ta san gobe ce ta huɗu. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Na ce masa ya yafe mini maganar fayil. Ya ce ya ji zafinta, kuma ya san daga ina ta fito.

Na share ɗakin sau biyu. Na wanke tsumman nata na shanya, na rufa sabo.

Talata, da yamma

Ta zo.

An fara sauraren numfashi ke nan aka turo ƙofa. Ta rame, rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, ita da ba ta taɓa sa abin da bai zauna mata ba. Direba ya miƙe zumbur ya miƙa mata kujerarsa, alhali tata na nan babu kowa. Dakta ya ce sannu da zuwa kawai ya ci gaba, amma na ga murfin alƙalamin allo ya faɗi daga hannunsa har sau biyu. Ashe akwai wani abu a bayan fayil ɗin. Ni ban ji ko kalma ɗaya ta darasin ba, farin ciki ya toshe mini kunne.

Da lokacina ya yi na raba wa sauran takarda, na ɗauko kaskon da hannu biyu na ajiye a gabanta. Ta ɗaga tsumman. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta zura babban yatsa ciki tana shafawa kamar mai neman wani abu.

"Malama, wannan ba nawa ba ne."

Na ce nata ne. Na fara zuba, na gaya mata maganar fanka, na ce laifina ne, ya tsage, na ga bai kamata ta dawo ta tarar da shi haka ba, na gyara mata, ta yi haƙuri. Har murmushi nake yi.

"Ba fanka ba ce," ta ce. "Ni na tsaga shi. Na gina shi da kyau ne don in tsaga. Ke kika ce mu yi abin da ba zai canzu ba."

Ɗaliba ta rufe fuska da hannu, sai a lokacin na gane abin da ta so gaya mini.

Da ihu Tela ta yi da na fi samun sauƙi. A hankali ta yi maganar, idonta a kan kaskon. Ta ce a gida mahaifiyarta tana gaya wa masu dubiya zazzaɓi ne. Yayanta ya gaya wa 'yan layi ta yi tafiya. Matar yayan ta sayo mata riguna masu dogon hannu har uku ba ta ce komai ba. Kowa yana cewa ya wuce, kada a sake tayar da maganar. Ta ce ta san duk don suna sonta ne.

"A gadon can abin da nake tunawa ke nan. Akwai ɗaki ɗaya da na bar abu a tsage, kuma an ce ba mai taɓawa. Shi na zo gani."

Dakta ya ce mata abin da ta ji daidai ne, an karya mata alkawari a ɗakin nan, kuma ta yi ƙoƙari da ta faɗa da baki. Ni kuwa, da ban iya yin shiru ba, na ce yumɓun bai gama bushewa ba, za ta iya sake tsaga shi, ko in kawo mata sabon curi.

"A'a, Malama. Kin sha wahala a kansa."

Ta mayar da tsumman ta rufe shi, ta gyara gefe da gefe. Ta ɗora hannuwa a cinya ta zauna har aka tashi, ba ta taɓa takarda ba. Tunda ta zauna har ƙarshe, lissafin fashinta ya goge. Abin da na yi makonni ina roƙo ke nan, kuma na samu.

Laraba, da hantsi

Ban je aiki ba. Na ce wa Maigida ciwon kai ne.

Laraba, bayan la'asar

Na ga ramin yatsan. Na gan shi da idona, na cike shi.

Juma'a, da rana

Mun zauna da Dakta. Na shirya wa faɗa, na ma so ya yi. Ya kawo mini ruwa ya zauna, ya ce in faɗa masa yadda aka yi tun daga farko, ba hukunci, abin da ya faru kawai, kamar yadda muke sa su yi. Na faɗa. Abin ya fi wuya a kan yadda nake gani daga inda nake tsayawa da burushi.

Ya ce, "Kin yi ne don kina sonta, kuma kin ƙwace mata abu."

Yau kam na so ya ce amma. Da ya ce, da ɗaya ta goge ɗaya na samu wurin tsayawa.

Ya ce ranar Talata in nemi afuwarta a gaban rukuni, tunda a gabansu aka yi, kuma kada in haɗa da bayani. Ya tambaye ni ko akwai wanda nake magana da shi ni ma, don ya ga watan nan ya taɓa wani wuri da ba Tela ce ta fara taɓa shi ba. Na ce lafiyata ƙalau. Ya rubuta mini sunan wata abokiyar aikinsa duk da haka.

Lahadi, da yamma

Ina ta gwada maganar a gaban madubi. Duk yadda na faro ta sai fanka ta shigo.

Talata, da yamma

Ina jera kujeru Dakta ya shigo ya ce in bar shida.

Na dafa tebur. Ya yi saurin cewa lafiyarta lau. Ta kira shi ta roƙi a mayar da ita rukunin Alhamis, wanda yake yi da wata nas a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Dabarun iri ɗaya ne, sai dai can allo ne da takarda kawai, babu fenti babu yumɓu. Ya amince. Ya ce a ganinsa alama ce mai kyau, ta ji zafi ba ta gudu ba, ta nemi abin da take so da bakinta.

Na san alama ce mai kyau. Na san za ta ci gaba, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai. Na ɗauki kujerar na kai lungu na kifa ta a kan wata, ina kuka kamar wata yarinya.

A zama na faɗa wa sauran cewa na karya dokar da na sa su kiyayewa, kuma ba ni da hujja. Direba ya ce shi ma da shi ne da ya liƙe. Don ya rarrashe ni ya faɗa. Da aka tashi na ga Ɗaliba ta naɗe zanenta ta sa a jaka. Da can a kantar ɗakin take bari.

Alhamis, bayan la'asar

Ba ni da zama yau, amma na samo wa kaina wanke burusa, na bar ƙofa a buɗe. Ta zo da wuri. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, da guntun zare a kafaɗa, ashe ta buɗe shago. Na fito baranda hannuna na ɗigar ruwa.

Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gida da aiki. Na ce mata na yi kuskure, na taɓa abin da ba nawa ba, ta yafe mini. Ban ambaci fanka ba. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana duka, irin yadda ake faɗa wa wanda ya taka ka a mota.

Na ce kaskon ya bushe, kuma aiki na mai shi ne, ko in naɗe mata ta tafi da shi in an tashi.

"Ki riƙe, Malama. Ai naki ne."

Ta wuce ƙarshen barandar ta shiga, ta ja ƙofa. Jim kaɗan na ji muryar Dakta yana cewa kowa ya rufe ido.

Na koma na ɓare takardar sunanta daga jikin kantar. Na kai kaskon bakin taga na duba shi a haske, na juya, na sake juyawa. Ko ni da na yi gyaran ban gane inda tsagar take ba.